Irin gida, ingantaccen iri ko mai aure: wane hatsi ya dace da gonar da shibra ta kama?

Manomin hatsi a jihar Damagaram hanya uku gare shi ta samun abin shuka. Ko ya ɗebo daga rumbunsa, ko ya sayi ingantaccen iri kamar HKP, SOSAT-C88 da Chakti, ko ya nemi iri mai aure, wato wanda aka haɗa daga iyaye biyu daban, wanda ake ta maganarsa yanzu a ƙasashen Sahel. Masu kwatanta su galibi suna tsayawa ne a kan kilo nawa kowanne ya bayar a gonar gwaji, alhali wannan lissafin damina ɗaya ne. Abin da ya fi raba su shi ne yadda kowanne ke komawa a shekara ta biyu da ta uku, bayan iska ta kwaso masa bununin gonar maƙwabta da na shibrar da ke tsaye a tsakiyarsa. Saboda haka kafin a zo kan zaɓi, sai an san yadda hatsi ke barbara.

Uwa sananniya ce, uba kuwa iska ke kawo shi

Idan zangarniya ta fito, farin gashin nan mai laushi shi ke fara bayyana. Shi ne ɓangaren mace. Bununinta, wanda shi ne ɓangaren namiji, ba ya fita sai bayan kwana 2 zuwa 3. Kafin nan kuwa bununin wasu karare ya riga ya sauka a kanta. Shi ya sa sama da kashi 80 cikin 100 na ƙwayar da ke kan zangarniya ɗaya ubanninsu daga wasu karare suke. Dawa ba haka take ba, ita mafi yawan ƙwayarta daga bununin kanta ne, don haka dabarar ajiye irin dawa ba ta wadatar da mai hatsi.

A shekarar 2017 masana na cibiyar binciken noma ta ICRISAT da abokan aikinsu na Faransa da Sin suka fitar da kundin gadon hatsi: ƙwayoyin gado, wato abubuwan da ke ɗauke da halin iyaye zuwa ƴaƴa, sama da 38,000, a jere a kan sandunan gado bakwai, kowace da abokiyarta, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Hatsin daji, wanda shi ne kakan na gona, shi ma bakwai ɗin gare shi. Ba wani shinge mai ƙarfi tsakaninsu. Suna barbara, ƴaƴan kuma suna haihuwa. Binciken da aka buga a 2018 ya nuna an fara mai da na daji na gona ne a yammacin Sahara, na gonan kuma ya fara yaɗuwa a Afirka kimanin shekara 4,900 da suka wuce, kuma an tono tsohuwar ƙwayarsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali mai shekara kusan 4,500. Tun daga lokacin ba su daina cuɗanya ba.

Shibra ita ce abin da wannan cuɗanya ta haifar. Ta ɗauko daga na daji yawan ƴaƴa a gindi, siririn kara, gajeriyar zangarniya mai gashi, saurin nuna, da kakkaɓe ƙwaya a ƙasa da zarar ta bushe. Ƙwayoyin gadon da ke riƙe da siffar zangarniya da kakkaɓewar nan sun taru ne wuri guda, akasari a kan sanda ta 6 da ta 7, suna kuma tafiya tare daga iyaye zuwa ƴaƴa kamar ƙulli ɗaya. Halin daji shi ke rinjaye: in ƙwaya ta sami ƙullin gona daga uwa da ƙullin daji daga uba, abin da zai tsiro shibra ne. Abu biyu ke fita daga nan, kuma a kansu duk zaɓin iri ya rataya. Zangarniya mai kyau, cikakkiya, marar gashi, ita kanta tsarkakakkiya ce. Amma kyawunta bai ce komai ba game da uban ƙwayar da ke jikinta. Mutum na iya zaɓar zangarniya ɗari mafi kyau a rumbu ya shuka, shibra ta fito masa a cikin ramin da ya shuka da hannunsa.

A ƙaddara cikin kowane kara 20 da ke bununi a gona ɗaya shibra ne. Kusan kashi 5 cikin 100 na bununin da ke yawo nata ne ke nan. Shibrar da uwarta hatsi ce rabin bununinta ne ke ɗauke da ƙullin daji, don haka kashi 2 zuwa 3 na irin baɗi zai fito shibra. A zahiri abin yakan fi haka, domin gindin shibra ɗaya yana fid da kai da yawa, ba kuma rana ɗaya ba, yana ta zubar da bununi mako da makonni. Ga kuma gyauron ƙwayar da ta kakkaɓe bara, wadda ke kwance a ƙasa tana jiran ruwa. Shi ya sa ba a buƙatar hatsin daji kusa da gona kafin shibra ta dawwama a cikinta. Ita ke sake haifar kanta.

Kyasuwa da ƙarangiya dangin hatsi ne na nesa, amma lissafin sandunan gadonsu daban yake, ba sa barbara da shi. Ciyawa ce kawai a gona, ba sa ɓata iri.

Abin da tsauni ke koyarwa

Hatsin daji na ainihi yana nan a ƙasarmu, a yankin makiyaya, a kwaruruwan Adar wajen Keita inda yake dab da gonaki, da kuma koramun tsaunukan Abzin, inda ƙololuwar Bagzam ta kai mita 2,022. Na Abzin ya yi nisa da manyan gonakin damina, masu bincike kuma sun same shi rukuni ne na daban a cikin hatsin dajin Sahel. A tsauni duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6, lokacin fure yana sauyawa, sai ciyawa iri ɗaya ta rabu gida-gida cikin ɗan taƙaitaccen wuri, suna haɗuwa suna barbara a tsakiyar gangare.

Inda aka fi fahimtar wannan shi ne masara a ƙasar Meziko. An samo ta ne daga wata ciyawar daji ta ƙasa-ƙasa mai zafi, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Da manoma suka hau da ita tuddai masu sanyi, sai ta tarar da wata ƴar'uwar ciyawar mai rayuwa a tsayin mita 1,600 zuwa 2,700, wadda har yau take fita cikin gonakin masara kamar yadda shibra ke yi mana. Masarar tudu ta ɗebi kusan kashi 20 cikin 100 na gadonta daga wannan ciyawa, har da jan kara mai gashi da wani babban yanki a sanda ta 4 wanda ya juya baibai, ba ya saurin warwarewa, yana taimaka mata ta nuna cikin sanyi. Ke nan jinin daji ba ɓarna ba ne zalla. A hatsi ma, daga na daji aka samo maganin tsatsar ganye na gado, daga gare shi kuma aka samo ɗaya daga cikin hanyoyin kashe bununin uwa da ake haɗa iri mai aure da su. Amma wannan aikin masu gyaran iri ne, masu tace abin da suke so su zubar da saura. A gonar manomi ƙullin yana zuwa ne dungurungum, da kakkaɓewarsa.

Damagaram shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, tsayinta bai wuce mita ɗari huɗu da wani abu ba a birnin. Abin da hawan tsauni ke yi wa ciyawa cikin ƴan kilomita, mu ruwan sama ke yi mana shi daga kudu zuwa arewa: Magarya da Kance kan sami milimita 500 zuwa 600, birni da Mirriya wajen 400, Tanut kuwa sau da yawa ba ta kai 300 ba. Irin da ya dace da Dungas ba shi ne na Damargu ba, kuma duk wanda ya ce maka iri ɗaya ya fi ko'ina, bai zagaya jihar ba.

Irin gida

Ankutes na Damargu, Ba'angure, Zango mai doguwar zangarniya, Maiwa mai jiran ƙarshen damina: kowannensu tarin karare ne mabambanta masu kama da juna. A gona ɗaya wani ya riga wani fure da mako biyu. Mai son gona ta tashi kai ɗaya yana ganin wannan aibi ne, amma shi ne garkuwar irin gida. In ruwa ya ɗauke kwana 15 a tsakiyar fure, waɗanda suka riga ko suka makara suna tsira. Kuturtar hatsi ma ba ta cinye gonar gaba ɗaya, don ba kowane kara ke da rauni iri ɗaya ba.

Irin gida yana kuma gyara kansa. An tattara hatsi a ƙauyuka 79 na Nijar a 1976, aka koma ƙauyukan a 2003, aka shuka tsohon da sabon gefe da gefe. Sunayen iri ba su sauya sosai ba, amma na 2003 ya fi saurin fure, ya fi gajeren kara da gajeriyar zangarniya, kuma wata ƙwayar gado mai sa saurin fure ta kusa ninka yawanta. Farin shekarun 1970 da 1980 ne ya tace shi a hannun manoma, ba tare da an sayi ko tiya ɗaya ba. Iri mai aure ba zai iya yin haka ba.

Rauninsa shi ne shibra da yadda ake ajiye shi. Mai ɗiba daga sussukakken hatsin ci, ko mai sayen tiya a kasuwa ranar da ruwa ya sauka, ya shuka duk abin da ke ciki. Mai zaɓar zangarniya a rumbu ya fi shi, amma uwa kawai ya zaɓa. Wanda ke son ya taɓa ɓangaren uba sai ya yi aikin a gona, kafin bununi. A keɓe fili a tsakiyar gona, kamar taki 30 a kan 30, nesa da iyaka. A shuka a layi, domin duk abin da ya tsiro ba a rami ba gyauro ne, a kashe shi a noman farko. Wajen cira a bar kara uku masu kauri da faɗin ganye a kowane rami, a tuge masu siririn ganye da yawan ƴaƴa. Wannan ba ya kama duka, don shibra ƙarama tana kama da hatsi ƙwarai. Aikin gaske yana zuwa ne daga lokacin da hatsi ya yi ciki: a riƙa zagayawa duk kwana 2 ko 3, duk kan da ya fito siriri, gajere, mai gashi, a tuge gindin gaba ɗaya a ba dabbobi. Karya kan kawai ba ya amfani, gindin zai fid da wasu. In an bari bununi ya fara zuba, an makara.

Da kaka a zaɓi zangarniya tun tana tsaye, inda ake ganin karanta, ana ganin ko kuturta ta taɓa shi ko ƙuduji ya shanye gindinsa. Kada ta kasa 200, gara ma 300, kowace daga gindi daban. Wannan adadi yakan ba da tiya uku zuwa huɗu, ya isa hekta ɗaya har da maimaita shuka. Masu ɗaukar manyan zangarniyoyi 15 ko 20 suna cewa sun isa, suna ƙuntata gadon irinsu ne. Bayan ƴan shekaru dangi ke barbarar dangi, kara ya sirance, zangarniya ta ragu, a ce ƙasa ce ta mutu.

Akwai dalilin da ya sa mutane ke ƙyale shibra, kuma ba sakaci ba ne. Ita ke riga kowa nuna, a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, marka ta kankama, hatsi ya yi tsada. Malamin gona da ya ce a tuge ta bai ba da abin da zai maye gurbinta ba, ba za a saurare shi ba. A nan ne ingantaccen iri ke da aikin da ba a cika faɗa ba.

Ingantaccen iri

HKP, Zatib, SOSAT-C88 da Chakti duk ba masu aure ba ne. Su ma tarin karare ne kamar irin gida, sai dai an tace su, an matse bambancin da ke tsakaninsu. Ana iya ajiye irinsu a sake shukawa.

HKP na INRAN ne, cibiyar binciken noma ta Nijar, an fid da shi daga Haini Kire na ƙasar Zabarmawa, yana nuna cikin kwana 80 zuwa 90, zangarniyarsa ta kai rabin mita ko fiye, tana ɗaurewa a dami, karansa yana darni yana ciyar da dabba. Shi ya fi yaɗuwa a Nijar don bai yi nisa da abin da manomi ya saba ba. Zatib ma na INRAN ne, haɗin Zamfarwa da Cinin Bijimi. SOSAT-C88 daga Mali ya fito, gajeriyar zangarniya gare shi mai kauri, matsattsiya, yana jure kuturta, yana kuma son ƙasa mai ɗan ƙarfi da ruwan kudancin jihar. Chakti an fid da shi a Nijar a 2018, yana nuna cikin kwana 65 ko kusa da haka, ƙwayarsa manya, sinadarin ƙarfen da ke cikinta ya haura miligiram 65 a kilo, inda irin da aka saba ke da kusan 47. Ga gidan da ke da mata masu ciki da yara masu ƙarancin jini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kwata ɗaya ta hekta ta Chakti, in an shuka da ruwan farko, tana nuna a daidai lokacin da ake bin shibra ana karya, ta kuma ba da hatsi na gaske wanda ba ya kakkaɓewa. Wanda ya sami wannan ba shi da sauran dalilin barin shibra a babbar gona. A ganinmu wannan ne amfani mafi girma na iri mai sauri a Damagaram, ya fi batun ƙarin kilo.

Sai dai saurin yana da farashinsa. Gonar da ta riga ta kowa nuna ita ce tsuntsaye ke taruwa a kanta, in kuwa ita kaɗai ce a karkarar sai an sa mai tsaro safe da yamma. Gara maƙwabta biyar ko shida su shuka shi a jere su raba asarar. Murzuna ma, tsutsar nan mai zagaya zangarniya, malam-buɗe-littafinta yana fitowa ne a tsakiyar damina ya nemi kan da ya fara fita, don haka masu sauri sun fi Maiwa shan wahalarta. Matsattsiyar zangarniya ta fi sakakkiya jurewa. Wanda ya nuna cikin ruwa kuma sai an yi hanzarin yankewa a shanya a kan rumfa, in ba haka ba ya yi fumfuna. Gajeriyar zangarniya ba ta ɗauruwa a dami irin namu, tana zamewa, sai a buhu ko kwando, karan kuma kaɗan ne. Mai tumaki da shanu da ke lissafin kara a matsayin rabin amfanin gona ya sa wannan a ma'auni.

Ga kuma abin da ke faruwa da shi a shekara ta biyu. Ingantaccen iri yana zuwa da tsabta, amma ba ya zuwa da katanga. A ƙa'idar Indiya, gonar fid da iri mai takarda sai ta nisanci kowane hatsi da mita 200, ta irin tushe kuma mita 400. A karkarar Mirriya ko Matamai, inda gona ke manne da gona, wa ke da wannan tazara? Abin da ya fi yiwuwa shi ne tazarar lokaci: in naka ya gama fure mako biyu zuwa uku kafin na maƙwabta ya fara, ya tsira daga nasu. Chakti na samun wannan cikin sauƙi. Amma furensa yana haɗuwa da na shibra, wadda ita ma mai sauri ce, don haka tuge ta a cikinsa da kewayensa ya fi zama dole. HKP kuwa tare yake fure da yawancin irin gida, yana narkewa a cikinsu da sauri. Wanda ke ajiyewa daga tsakiyar gona yana tuge shibra zai iya kai shekara uku. Daga nan a sabunta. Alamar lokaci ya yi ita ce kai ya daina fita tare, tsayi ya bambanta, mai gashi ya fara yawa.

Iri mai aure

Shi ana haɗa shi ne daga iyaye biyu da aka tsarkake. Uwar ba ta fid da bununi mai rai, don haka duk ƙwayar da ta ɗauka daga uban da aka shuka kusa da ita ne, yawanci layi huɗu na uwa, biyu na uba. Uban yana ɗauke da ƙwayar gadon da ke mai da wa ƴaƴan bununinsu. Ƴaƴan farko suna fita kai ɗaya, da ƙarfin da ya fi na iyayen biyu. Indiya ta fara da shi a 1965 da wata uwa da aka samo daga Tifton ta Amurka, amfanin gona ya tashi, amma da shiga shekarun 1970 kuturta ta yi musu mummunar ɓarna, saboda miliyoyin gonaki uwa ɗaya suke da ita, rauninsu ɗaya. Kuturtar Afirka ta Yamma ta fi ta Indiya zafi, shi ya sa irin Indiya da aka kawo kai tsaye bai cika yin abin kirki a nan ba. Waɗanda aka haɗa da iyayen yankinmu, kamar Nafagnon da aka yi wa rajista a Burkina Faso, su ne abin dubawa.

Ta fuskar shibra, mai aure ya fi kowa tsabta, don kowace shekara sabo ake saye, bununin bara bai shafe shi ba. Gyauro kaɗai ya rage a kashe. Amma sharaɗin ke nan: kowace shekara. In aka ajiye ƙwayarsa aka shuka, rabin ƙarfin auren ya tafi a zubi na biyu, gona ta fito dogo da gajere, mai sauri da mai nawa, kuma wani kaso, wanda ke iya kai ɗaya cikin huɗu, zai fito ba bununi kamar kakarsa. Irin wannan zangarniya tana daɗewa a buɗe tana jiran bununin wani, a nan ne burtuntuna ke samun ƙofar shiga.

Fita kai ɗaya ma takobi ne mai kaifi biyu. Gonar da ta yi fure cikin mako ɗaya, in ruwa ya ɗauke a makon, ta tafi duka. Haka in ruwan farko ya yaudari mutane, shuka ta ƙone, mai irin gida ya koma rumbu, mai iri mai aure kuwa sai ya koma kanti, in ma akwai saura. Shukar binne da shi caca ce da kuɗi. Ƙarfinsa kuma ba ya fita a jigawar da ta gaji. Matsakaicin abin da hekta ke bayarwa a Nijar bai cika wuce kilo 500 ba, kuma abin da ya riƙe shi a nan yunwar ƙasa ce kafin iri. Rami 10,000 a hekta, wato mita ɗaya tsakanin rami da rami, in aka sa wa kowanne giram 6 na takin NPK 15-15-15 ya zama kilo 60, ko giram 2 na takin DAP ya zama kilo 20. Wanda kuɗinsa bai kai ga iri mai aure da wannan taki tare ba, ya sayi takin ya zuba wa irin da yake da shi. A sa takin a gefen rami, a rufe da ƙasa kaɗan kafin a jefa iri. In ya taɓa ƙwayar a ƙasa marar laima sosai, yana ƙone tsiron.

To wanne za a ɗauka?

A arewa, Tanut, Belbeji da arewacin Gure, inda damina gajeriya ce kuma ba ta da alkawari, irin gida mai sauri kamar Ankutes shi ne ginshiƙi, da ɗan fili na Chakti. Mai aure a nan hasara ce mai jiran rana. Nan ne kuma gonaki suka fi kusa da yankin makiyaya inda hatsin daji ke fita, don haka filin iri na tsakiyar gona ya fi muhimmanci. A tsakiya, kewayen birni, Mirriya, Takeita da Damagaram Takaya, a raba babbar gona tsakanin irin gida da HKP, amma a san cewa za su gauraya. Wanda ke son HKP ɗinsa ya zauna HKP sai ya riƙa sabuntawa, wanda kuma ke son irin kakanninsa ya zauna yadda yake ya nisanta filin irinsa daga gare shi. A kudu, Magarya, Kance da Dungas, inda ruwa ya fi, gonaki suka matse, ake kuma samun takin gida, SOSAT da Zatib suna biya, kuma nan ne kaɗai gwada mai aure ke da ma'ana, ga mai sayar da hatsi wanda ya tabbata zai sami irin a kan lokaci baɗi.

Kowanne aka saya, a nemi mai takardar shaida a jikin buhu, a kuma gwada shi kafin ruwa: ƙwaya 100 a cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, a ƙidaya bayan kwana 5 zuwa 7. In abin da ya tsiro bai kai 75 ba, a mai da shi. A gauraya iri da maganin kuturta kafin shuka, na gida ne ko na saye. Ƙullin Apron Star na giram 10 yana isar kilo 4. Irin da aka sa wa magani guba ne, ragowarsa ba ta shiga tukunya ba ta zuwa wurin kaji.

Sabon iri kuma kada a ba shi gona duka a shekarar farko. A shuka layi 10 nasa, layi 10 na gida, a sake maimaitawa a wani ɓangaren gonar mai ƙasa daban, rana ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya. Da kaka kada a ƙidaya dami, domin damin Zango da na SOSAT ba abu ɗaya suke ɗauke da shi ba: doguwar zangarniya tana cika ido, gajeriya matsattsiya tana cika tiya. A sussuke kowanne daban, a sheƙe, a auna da tiya ɗaya, a auna karan shi ma, sannan a ba matan gida su daka su dama fura da kowanne. Ƙwayar da ta fito daga layukan gwajin ta ci ce, ba ta iri ba, don layukan sun riga sun yi barbara da juna.